Yadda Nake Haɗa Jerin Zane a Kan Ƙofofin Kano

In kana son zane-zanenka su zama 'yan gida ɗaya, kar ka ce jigonka Kano ne gaba ɗaya, ya yi faɗi. Matse shi. Ni ƙofofin badala na zaɓa: Ƙofar Mata, Nassarawa, Na'isa, Ɗan Agundi da Kabuga.

Kafin ka taɓa buroshi, kafa wa kanka ƙa'ida. Tawa ita ce takarda girma ɗaya, kala uku kacal: jar ƙasa irin ta ganuwa, shuɗi irin na marinar Ƙofar Mata, sai fari. Kowace ƙofa da hantsi nake zuwa mata, don hasken ya zo iri ɗaya. Mai wucewa ne kawai ke canzawa, nan ɗan adaidaita sahu, can ɗan garuwa da kurarsa. Wasu ƙofofin an sake gina su da siminti. Ni dai yadda na gan su nake zana su.

Kar ka gama ɗaya kafin ka fara na biyu. Fitar da dukkansu da fensir tukuna, jera su a tabarma, ka ja baya ka duba. Wanda ya fita daban, sake shi. Fenti kuma dama shi da yawa lokaci guda ka rufe a gwangwani, don haɗin gobe ba zai zo daidai da na yau ba.