Yadda Ake Haɗa Wasan Saƙar Gizo Don Koya wa Matasa Aiki Tare

Duk wanda ya taɓa zama a sansanin masu yi wa ƙasa hidima ya san 'yan Man O' War da igiyoyinsu da katangar da ake haurawa. Sunan ya samo asali ne daga wani gaɓar teku kusa da Limbe a Kamaru, inda Alec Dickson ya buɗe cibiyar horar da matasa a 1951, bisa tsarin makarantar Outward Bound da Kurt Hahn da Lawrence Holt suka kafa a Birtaniya a 1941. Har yau ana irin wannan horo a duwatsun Shere na Jos. Sai dai ba lallai ne a kwashi yara zuwa Shere ba. Akwai wasa ɗaya daga cikin wasannin da malamin makaranta ko shugaban 'yan agaji zai iya haɗawa a gindin darbejiya, wato saƙar gizo.

Fara da neman bishiyoyi biyu masu ƙwari, tazararsu mita 3 zuwa 4. Share ƙasan sarai, kada a bar dutse ko ƙaya ko kwalba. In ƙasar ta yi tauri, a zuba yashi ko a shimfiɗa tsofaffin katifu. Ɗaura igiya mai kauri daga wannan bishiya zuwa waccan daidai gwiwa, ka ɗaura wata a sama, kada ta wuce kan babban mutum. Tsakanin su sai ka saƙa siririyar igiya, ka fitar da kafofi manya da ƙanana. In yaran 12 ne, kafofin su kai 14, kuma ka tabbata mafi jiki a cikinsu yana da kafar da za ta ɗauke shi, don kada wasa ya zama tozarci. Rataya 'yar ƙararrawa a jikin saƙar, ita za ta riƙa yin alƙalanci.

Ƙa'idar ba ta da yawa. Kowa sai ya tsallaka ɗaya ɓangaren ta cikin kafa ba tare da ya taɓa igiya ba. Kafar da aka bi sau ɗaya ta rufe, a ɗaura mata ƙyalle. In ƙararrawa ta kaɗa, kowa ya dawo a sake daga farko.

Kafin a taɓa igiya, koya musu yadda ake ɗaukar mutum, kuma a nan kada ka yi gaggawa ko kaɗan. Wanda za a ɗauka ya kwanta rigingine a hannuwansu, ya sandare jikinsa, ya naɗe hannu a ƙirji. Mutum ɗaya aikinsa kai da wuya kawai. Ba a miƙa kowa ta kafar sama sai an sami aƙalla mutum uku a kowane ɓangare, kuma ba a sakin sa sai ƙafarsa ta taka ƙasa. Babu tsalle, babu jifa da mutum. A cire agogo da zobe da tabarau da fil ɗin mayafi. Maza su yi nasu, mata su yi nasu da malamarsu, tunda wasan na ɗaukar juna ne. Wanda ya ce ba ya son a ɗaga shi a ƙyale shi, ya riƙe kan wani ko ya lura da kafofi. Yaron da aka tilasta wa, tsoro kawai zai koya.

Daga nan sai abin da ya fi yi wa manya wuya: ka koma gefe ka kama bakinka. Za ka ga ƙarfafan sun yi ribibi sun cinye kafofin ƙasa masu sauƙi, an bar na ƙarshe yana kallon kafar sama ba mai ɗaga shi. Bar su. Muddin ba hatsari ka hango ba, kada ka tsoma baki. Na taɓa tsayawa ina kallon wasu yara sun faɗi sau uku suna ta ɗora wa juna laifi. Wani ɗan siriri da tun ɗazu yake magana ba a saurare shi ba ya tsuguna ya zana saƙar a ƙasa da tsinke, ya ce a ajiye kafofin ƙasa biyu saboda na farko da na ƙarshe. Shiru ya biyo baya, sannan babban cikinsu ya ce, “To kai faɗa mana wa zai fara.” Da na ba su amsar tun farko, da yaron nan ya koma gida ba wanda ya san da shi.

In sun gama, ko lokaci ya ƙare ba su gama ba, a sha ruwa a zauna a da'ira a inuwa. Kada ka yi musu wa'azi, tambaya za ka yi. Shawarar wa aka bi? Wa ya yi magana aka share shi? Da ƙararrawa ba ta kaɗa ba amma ka san ka taɓa igiya, ka faɗa? Wannan ta ƙarshen takan sa wasu sunkuyar da kai, kuma ka ba ta lokacinta. Minti 20 sun isa zaman.

Kwance igiyar kafin ka bar wurin. Ƙananan yaran unguwa suna gefe suna kallo tun ɗazu, kuma da ka juya baya za su gwada.