Yadda Ake Cajin Batiran Sola da Rana, Wutar NEPA da Janareta

Da farko, a goge farantan sola da sassafe, domin ƙurar hunturu a Kaduna takan kwanta a kansu har a iya rubutu da yatsa, kuma tana rage wutar da suke samarwa. Bayan haka, a saita inbata, wato na'urar da ke juya wutar batiri zuwa irin wutar gida, ta fifita hasken rana, ta koma wutar NEPA idan hadari ya rufe sama ko dare ya yi.

A ƙayyade jimillar ƙarfin cajin. Batirin ruwa mai 200Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke iya adanawa) cajin kimanin amfiya 20 ya ishe shi, domin yawan wuce haka yana sa shi zafi.

Idan ta kama a tayar da janareta, a bari ƙararsa ta daidaita tukuna, sannan a juya makunnin sauya layi, don kada wutarsa ta haɗu da ta NEPA.