Yadda ɗalibi zai bi sawun dokar ƙungiyar ƙasashe har zuwa Kasuwar Dole ta Damagaram

Ɗalibin kimiyyar siyasa a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, idan yana son rubuta kundin kammala karatunsa a kan haɗin kan ƙasashen Afirka ta Yamma, yana da damar da takwaransa na Dakar ba shi da ita. Iyakar Najeriya tana kusa da shi ta Magariya ko ta Matamaye, kuma abin da shugabanni suka sa wa hannu a nesa, a nan ake ganin tasirinsa, a farashin buhun hatsi da canjin naira da sefa.

Abu na farko shi ne ka taƙaita batunka ga hukunci guda. Kada ka ce za ka rubuta tarihin CEDEAO, wato ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), tun kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, domin an riga an rubuta shi, kuma maimaita shi ba bincike ba ne. Ɗauki abu ɗaya, kamar yarjejeniyar 1979 da ta ba ɗan wata ƙasar ƙungiyar izinin shiga wata ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, ko kuma rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 alhali tana cikin ƙungiyar.

Daga nan sai ka gano wane irin hukunci ne, kuma a nan na ga ɗalibai sun fi yin tuntuɓe. A UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, wadda aka kafa a 1994 kuma hukumarta take Wagadugu, akwai dokar da ke fara aiki kai tsaye a kowace ƙasa da zarar an zartar da ita, akwai kuma umarnin da sai kowace gwamnati ta shigar da shi cikin dokokinta tukuna. Idan na biyun kake nazari, dole ne ka binciki jaridar dokokin Nijar ka ga ko an shigar da shi, da kuma tsawon lokacin da aka ɗauka. Ka kuma tantance matsayin Nijar a shekarar da kake magana a kai: ta fita daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025 tare da Mali da Burkina Faso, bayan sun kafa AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel, amma ficewar ba ta shafi UEMOA ba, kuma sefa tana nan a hannun BCEAO, babban bankin ƙasashen UEMOA.

Tambayar da za ta riƙe kundinka tsohuwa ce a wannan fanni: wa ke da iko na gaskiya, hukumar ƙungiya ko gwamnatoci? Ernst Haas, da ya yi nazarin Turai, yana ganin haɗin kai a fage ɗaya yakan jawo haɗin kai a wani fagen har iko ya riƙa komawa sama. Andrew Moravcsik kuwa yana ganin gwamnatoci ne ke ciniki a tsakaninsu bisa buƙatunsu na cikin gida. Ka gwada su duka da abin da ka tattara, ba tare da ka tilasta wa Damagaram shiga rigar Turai ba, domin ciniki tsakanin Kano da Damagaram ya girmi ƙungiyoyin nan da ma iyakar kanta.

Sannan ka fita daga ɗakin karatu. Ka zauna da ƴan canji da dillalan dabbobi da direbobin da ke bin hanyar Kano, ka tambaye su shinge nawa suke wucewa, takardun me ake nema, kuma me ya sauya bayan hukuncin da ka zaɓa. Jami'an duwan ba za su yi maka magana ba sai da takardar izini daga jami'a, saboda haka ka neme ta da wuri. Ka gaya wa kowa dalilin tambayarka, ka ɓoye sunansa a rubutunka, domin wasu suna ci da iyalinsu ta hanyoyin da doka ba ta amince da su ba, kuma amana suka ba ka.

Ka riƙa rubuta kwanan wata guda biyu ga kowane hukunci, wato ranar da aka yanke shi da ranar da ya isa bakin iyaka. CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi ranar 30 ga Yuli 2023, ta ɗage shi ranar 24 ga Fabrairu 2024, amma sai a watan Maris aka buɗe iyakar Nijar da Najeriya. Ka tambayi ƴan kasuwa yadda kaya suka riƙa shigowa cikin waɗannan makonni, da abin da suka biya a hanya, ka ajiye amsoshinsu kusa da sanarwar ƙungiyar a babi ɗaya.