Yadda ake rage zafin shagon kafinta na cikin gida a Kumasi

Da zarar hunturu ya ja jiki a ƙarshen Janairu, sai ka ga sababbin kafintocin da suka kafa ɗan shago a tsakar gida a Aboabo ko Asawase sun nufi Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, sayen fanka. Yaran da suka gama koyon aiki a hannuna ma haka suke yi, kuma bayan mako biyu su dawo suna cewa, "Maigida, fankar nan ba ta yin komai." Ai ba za ta yi ba. Fanka ba ta sanyaya iska, juya ta kawai take yi. In iskar shagonka ta riga ta gasu, zafin za ta watso maka, ta haɗa maka da garin katako a ido. A Fabrairu da Maris zafin Kumasi yakan kai digiri 33 zuwa 35 a inuwa, ga laima a iska da ke hana gumi bushewa. Saboda haka ajiye kuɗin fanka tukuna, ita ce ta ƙarshe.

Fara da rufi. Muna kusa da tsakiyar duniya, rana a bisa kanmu take wucewa, a farkon Afrilu ma tsaye take cak a kan Kumasi da tsakar rana. Wato mafi yawan zafin da ke damunka ta kwano yake shigowa, ba ta bango ba. Tsohon kwano da ya yi tsatsa ya yi duhu yana iya wuce digiri 60 a rana, kuma duk wannan zafin ƙasa yake saukowa a kan wuyanka. Hau da sassafe ka wanke shi, ka kankare tsatsa, ka sa fentin hana tsatsa, sannan farin fenti shafi biyu. Fari nake cewa, ba shuɗi ko ja ba, ko da mai gidan haya ya fi son ja. In sabon rufi za ka yi, sayi aluzinc, wato kwanon da aka lulluɓe da alminiyam da zinc, mai haske, kuma kada ginshiƙinka ya gaza ƙafa 10. Ƙarin ƙafa biyu na katako ba zai karya ka ba.

Sai silin. A nan ne na yi asara, kuma a nan nake so ka saurara da kyau.

Shekarar da na rufe barandar bayan gidanmu na mai da ita shago, na je kasuwar katako ta Sokoban na sayo filawud mai kaurin kwata inci, irin mai ƙafa 4 da 8, na buga shi daf da kwano, tazarar ba ta fi faɗin tafin hannu ba. Na toshe gefe da gefe da katakon bishiyar da ake kira wawa don kada ɓera da ƙadangare su shiga. Aiki ya yi kyau a ido. Da safe kuwa shago ya yi daɗi, har wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Daga nan sai iskar da na kulle tsakanin kwano da silin ta fara dahuwa, ba ta da hanyar fita, ta gasa filawud ɗin, shi kuma ya riƙa sako zafi har bayan magariba. Da can in rana ta faɗi kwano yakan huce nan da nan, yanzu kuwa sai na dawo daga sallar isha'i in tarar da shago kamar gidan burodi. Wata rana na ɗora hannu a silin da la'asar, sai da na janye. Kafin wata biyu filawud ya fara bankarewa, wayar lantarkin da na bi da ita ta ciki ta yi laushi kamar an dafa ta. Wannan ne ya tsorata ni, domin shagon kafinta cike yake da abin da wuta ke so, kuma iyalina a bayan bangon suke kwana.

Na kwance shi duka na sake. Ga yadda ya kamata: bar tazarar aƙalla ƙafa ɗaya tsakanin kwano da silin. Kada ka toshe gefuna. Bar buɗaɗɗen wuri a ƙasan rufin inda ruwa ke zuba, ka bar wani a can sama inda rufin ya fi tsayi, ka rufe su da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu. Iska mai zafi sama take hawa da kanta. Za ta shiga ta ƙasa, ta share zafin kwano, ta fice ta sama, ba tare da ka kashe ko sidi ɗaya a mitar kamfanin lantarki na ECG ba. In kana da hali, shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano, fuskar mai ƙyallin tana kallon sararin da ka bari, kada ta manne da komai. In ba hali, tabarmar gora ko zana ma tana rage zafi, sai dai ni ba na sa ta a inda ake aiki da inji, tana tara ƙura kuma tana kama wuta da sauri. Waya kuwa a cikin bututu za ka bi da ita, a jikin bango, nesa da kwano. Don gwaji, kunna ɗan turaren tsinke ka riƙe a bakin ramin ƙasa da azahar. In hayaƙin ya shige ciki, hanya ta buɗe. In ya tsaya yana yawo, ramin sama ya yi ƙanƙanta, ƙara shi.

Bayan rufi, cikin shagon ma yana son ƙofar shiga da ta fita. Mafi yawan shekara iskarmu daga kudu maso yamma take zuwa, ta wajen teku, sai a hunturu ne take juyowa daga arewa maso gabas. Buɗe taga ƙasa-ƙasa a ɓangaren da iska ke zuwa, daidai tsayin teburin aiki, ka buɗe wata sama-sama a bangon da ke fuskantarta. Taga ɗaya komai girmanta ba ta kai biyu masu kallon juna ba. Ni luba, wato taga mai jerin ƙananan alluna a karkace, ta katako nake yi da kaina da guntayen da suka rage, ta gilashi ba ta daɗewa a inda ake juya dogon katako. Abin da na fi gani yana ɓata wannan tsari shi ne mutum ya buɗe taga sannan ya jingine filawud da allunan katakon odum a gabanta. Yi wa katako maɗori a bangon da babu taga.

Bangon yamma shi ne ke shan ranar la'asar. Sa masa rumfa ko asabari daga waje, da ɗan sarari tsakaninsa da bango. Labule daga ciki ba ya aiki, zafi ya riga ya shigo. Mai filin kansa sai ya dasa dogonyaro a nan.

Yanzu ne lokacin fanka. Kada ka sayi ta sama, tana tayar da garin katako ta zuba maka shi a kan sabon fenti. Sayi mai zuƙo iska waje, ka kafa ta a tagar sama kusa da inda kake yanka da goge katako, ta fitar da zafi da ƙura tare. Sai ƙaramar ta tsaye a bayanka, tana tura iska ta wannan hanyar. Share injinta duk Juma'a. Ranar da za ka fesa fenti mai tina, wato ruwan tsinka fenti mai saurin kama wuta, kashe su duka ka fita waje ka yi feshin, tartsatsi ɗaya ya isa. Wanda ya ga dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, na 2015 ya san dalilin da ya sa ba na son shagon da sai da lantarki ake iya zama a cikinsa.

Kada ka yayyafa ruwa a ƙasa, kada ka rataya jiƙaƙƙen buhu. Wannan dabarar Tamale da Bolga ce a arewacin Ghana, inda iska ke bushe. A nan laima za ka ƙara, katako ya kumbura, zarto ya yi tsatsa. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa ƙura za ta toshe ta, mita kuma ta cinye ribarka.

Aiki mai nauyi ka yi shi daga bayan asuba zuwa goma sha ɗaya, musamman in azumi ya faɗo a Maris kamar na 2025. Haɗa gam da safe, da rana yana bushewa kafin ka daidaita katako. Ajiye gam da tina a ƙasa a inuwa, ruwan sha a randa a bakin ƙofa, da tsumma a kafaɗa don goge gumi daga ƙarafa kafin ka rataye su.