Darasi na 7: Auna Iskar Tayar Adaidaita Sahu

Direbobi da yawa idan za su fita da safe, sai su shuri taya da ƙafa ko su danna ta da babban yatsa, su ce lafiyarta ƙalau. Wannan ba awo ba ne. Tayar adaidaita sahu ƙarama ce, gefenta kuma da tauri. Iska na iya raguwa sosai, ido bai gani ba, yatsa bai ji ba. Geji, wato na'urar auna iskar taya, shi ne kaɗai zai gaya maka gaskiya, kuma duk wanda ya iya karanta lamba daga 0 zuwa 60 zai iya aiki da shi.

Lambar da ake nema

Ɗauki geji ka dubi fuskarsa. Za ka ga haruffa uku: P, S, I. Da PSI ake auna iskar taya a wajen masu faci. Wani gejin yana da layin lambobi biyu, ɗaya na PSI, ɗaya na bar. PSI 30 daidai yake da kusan bar 2.1. Don haka idan ka ga allura ta tsaya a kan 2 da ɗoriya, kada hankalinka ya tashi, ɗaya layin kake karantawa.

Kekunan da suka fi yawa a titunanmu su ne Bajaj RE da TVS King, kuma a jikin tayarsu za ka ga an rubuta 4.00-8, girmanta ke nan. A Bajaj RE na fasinja, tayar gaba tana son 30, tayoyin baya 34. Baya ya fi gaba ne domin a can inji yake, a can kuma fasinjoji suke zama. Idan kekenka wani samfuri ne, ko na ɗaukar kaya, duba littafin da ya zo da shi ka bi lambar da kamfani ya rubuta.

Akwai wata lamba a gefen taya kusa da kalmar MAX. Ba ita ake nema ba. Ita iyaka ce, wato abin da taya za ta iya ɗauka ba ƙari.

A auna taya tana sanyi

A nan mutane suka fi yin kuskure. Idan taya ta yi tafiya takan ɗau zafi, iskar ciki ta buɗe, geji ya nuna ƙarin 3 ko 4, balle a kan kwalta da tsakar ranar bazara. Sai direba ya auna ya ga 38, ya ce ta yi yawa, ya sace iska har ta dawo 34. Da gari ya waye taya ta huce, sai a tarar da 30 ko ƙasa da haka. Da hannunsa ya rage wa kansa iska.

Lokacin awo shi ne da safe kafin a fita, ko bayan keke ya huta awa 3 a inuwa. Idan sai ka je wajen mai faci, nemi na kusa da gida, kada tafiyar ta wuce kilomita 2. Da sanyin hunturu lamba takan ɗan sauka da kanta, saboda haka a lokacin a riƙa dubawa sosai.

Yadda ake awon

Tsayar da keke a wuri mai daidai, babu fasinja babu kaya. Kwance murfin bawul, wato bakin da ake hura wa taya iska, ka sa a aljihu, don in ya faɗi cikin ƙasa da wuya ka gan shi. Ka tabbata allurar geji tana kan 0. Ɗora bakin geji a kan bawul a miƙe, ka danna da ƙarfi. Za ka ji "fis" sau ɗaya sai ya yi shiru. Idan ƙarar ta ci gaba, bakin bai zauna ba, iska na gudu, lambar da ka gani ƙarya ce. Cire ka sake. Karanta allura kana fuskantarta kai tsaye, ba ta gefe ba. Auna sau biyu. In lambar ta zo ɗaya, rubuta ta.

Da ka gama, shafa ɗan yawu a bakin bawul. Idan ya yi kumfa, bawul yana yoyo, a ɗaure ɗan tsinken ƙarfen da ke cikin bawul ɗin ko a canza shi. Mayar da murfi, shi ke hana ƙura shiga.

Tayoyin baya dole su zo daidai da juna. Idan ta dama tana 34 ta hagu tana 27, keke zai riƙa karkata, zai ja gefe in an taka birki, kuma abin hawa mai ƙafa uku ba ya son karkata a kan kwana. Kada ka manta da sifiya.

Taya ma tana ba da labari. Idan gefe da gefe suka suɗe tsakiya na nan, iska ta daɗe tana ƙaranci. Irin wannan tayar tana shan mai, tana zafi, tana cin tub. Idan tsakiya ce ta suɗe, iska ta yi yawa, shi ya sa keke yake tsalle a kan gargada fasinja na ƙorafi.

Shawarata, ka sayi gejinka. Na mai faci yana faɗuwa ƙasa sau da yawa a yini, wani ma ba ya da shi, da ƙarfe yake ƙwanƙwasa taya ya saurara. Ka ajiye naka a cikin akwatin keke, ka auna sau ɗaya a mako.

Aikin gida

Ja layi uku a littafinka, ka rubuta GABA, DAMA, HAGU. Gobe da safe auna tayoyin nan uku ka rubuta lambobinsu. Da azahar bayan ka yi aiki, sake aunawa ka rubuta a ƙasa, amma kada ka rage iska. Ɗebe lambar safe daga ta azahar, ka kawo amsar aji. Wanda ba shi da keke ya bi maƙwabcinsa ɗan sahu su auna tare.