Masu noman rani a bakin Kogin Kaduna, ku daina tura taki cikin ruwa

Duk shekara da damina ta janye, sababbin masu noman rani kan cika fadamun bakin Kogin Kaduna, daga Malali zuwa Unguwar Rimi har Kabala, kuma kuskuren bara shi ake maimaitawa bana. Na gaji da bin mutane ɗaya bayan ɗaya.

Babban kuskuren shi ne haƙa lambatu a miƙe daga fadama zuwa kogi, wai don ƙasa ta yi saurin tsanewa. Baƙar ƙasar fadama tana ɗauke da ruɓaɓɓen ganye na shekara da shekaru. Muddin tana jiƙe, abincin shuka na ɗaure a cikinta. Da ta tsane iska ta shige ta, sai sinadaran taki, wato naitirojin da fosfaros, su saki, su bi lambatun su tafi. Ƙasar Finland ta ɗanɗana wannan: a shekarun 1960 da 1970 aka fi yayyanka magudanai a dausayinta don itatuwa su girma, kusan hekta miliyan 5, kuma har yau suna kai waɗannan sinadarai tafkuna da Tekun Baltik.

Wani maƙwabcina ya taɓa jan irin wannan lambatu ta gefen kududdufin kifina. Ruwa ya koma kore shar da gansakuka, da asuba karfasa na ta ɗago baki suna neman iska, kafin in ankara sun soma mutuwa. Kuɗin abincinsu na wata da watanni ya bi ruwa. Haba jama'a! Ruwan da ka saki wani ne zai sha, kuma daga kogin nan ake jan ruwan famfo a Malali.

Ni dai lambatuna ba ya kai wa kogi. A ƙarshensa rami ne mai faɗi, ruwa ya kwana laka ta kwanta, sannan ya ratsa ciyawar gaɓa da ba na nomewa. Lakar kuwa kan kunya nake mayar da ita.

Sai masu watsa yuriya su kunna injin ban ruwa nan take. Malam, yuriya narkewa take kamar gishiri, ka san nawa buhu yake yanzu? Ban ruwa nake fara yi, washegari in tona gindin shuka in binne, kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku.

Kada a jibge kashin kaji a bakin gaɓa. Injin feshi kuma a wanke shi can cikin gona, nesa da rafi.