Babi na Bakwai: Sayen Faifan Birki da Fatar Birki

Darasi na 1: Mu san kayan da ido

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Duk wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo da mota cike da mutane, ƙafarsa a kan birki har tana rawa, ya san dalilin da ya sa muka ba birki babi guda.

Idan bakanike ya cire tayar gaba, ku matsa ku leƙa. Za ku ga wani ƙarfe mai kama da faifai, yana juyawa tare da taya. Shi ne faifan birki, a gareji "dis" suke ce masa. A bakinsa akwai wasu ƙarafa biyu, kowanne bai fi tafin hannu ba, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje. Su ne fatar birki. In kun taka birki, su ne suke matse faifan har mota ta tsaya. Fata ita ke saurin cinyewa, faifai yakan daɗe.

Sabuwar fata kaurinta kamar milimita 10 zuwa 12 ne. In ta koma milimita 3, a canza ta. Milimita su ne ƙananan layukan nan na jikin rula. In birki ya fara kuka "ƙiii", fata ce take kiranku. In sitiyari yana karkarwa lokacin da kuka taka birki, a duba faifai.

Darasi na 2: Lambar shasi

Nan ne wurin da kowa yake tuntuɓe, don haka a hankali za mu bi. Kada kowa ya ji kunya.

Kowace mota tana da lambarta da ba ta da irinta, kamar zanen yatsa. Ana ce mata lambar shasi. Tana wuri uku: ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, jikin takardar da aka manna a bakin ƙofar direba, da cikin takardun mota. Haruffa ne da lambobi a cakuɗe, guda 17. Ba 16 ba, ba 18 ba.

Ku ɗauki takarda ku zana gida 17 a jere. Ku ƙirga gidajen kafin ku rubuta komai. Sai ku ɗora yatsa a kan harafin farko, ku faɗe shi da baki, ku rubuta shi a gidan farko. Ku matsar da yatsa, ku faɗa, ku rubuta. Harafi ɗaya, gida ɗaya. In kun gama gida ya rage babu komai a ciki, kun tsallake wani abu. Ba laifi ba ne, a sake daga farko.

Ga wani sauƙi: a lambar shasi babu harafin I, babu O, babu Q. In kun ga zagayayye, sifili ne. In kun ga sanda a tsaye, ɗaya ne. Amma 5 da S duk suna nan, haka 8 da B, haka 2 da Z. Waɗannan sai an ƙura ido. Ku goge ƙurar gilashin da hannun riga, ku haska fitilar waya ko da rana ce.

Gidan farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J Japan, W Jamus, 2 Kanada, 1 ko 4 ko 5 Amurka. A motocin da aka shigo da su daga Amurka, gida na 10 shi ne shekara: 5 na nufin 2005, 8 na nufin 2008, A na nufin 2010. Ku ƙirga da yatsa har gida na 10, kada ku yi cinta.

Me ya sa nake ta nanata wannan? Wani dattijo a ajinmu, direban tasi, ya je kasuwa ya ce wa mai shago, "Yaro, ba ni fatar birkin Corolla." Aka ba shi, ya biya, ya hau Keke har Farin Gada, bakanike ya gwada ta ƙi shiga. Corolla iri-iri ce. Ta 2005 daban, ta 2010 daban, kuma shigowar Amurka ba lalle ta yi daidai da ta Turai ba. Ya dawo aji yana cewa, "Malam, yau na yi asarar wuni." Na ce, "Baba, ina takardar gida 17?" Tana gida.

To, na faɗa na sake faɗa, amma makon jiya da na karɓi littattafanku da yawa sun kawo mini 15, wasu sun rubuta O a wurin sifili. Haba jama'a! Wannan ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, gaggawa ce. Wanda ya iya ƙirga canjin fasinja a cikin duhu ba zai kasa ƙirga 17 ba. Ku zana gidajen. Ku sa yatsa. Ku ƙirga.

Darasi na 3: A cikin kasuwa

In za ku kasuwar Dilimi da ke Jos, ku riƙe abu biyu: takardar lambar shasi da tsohuwar fatar a leda. Ku ɗora tsohuwa a kan sabuwa, baki da baki, kunne da kunne. In ba su daidaita ba, a bar ta, ko mai shago ya rantse.

A jikin kwali za ku ga Semi-Metallic ko Ceramic. Ta farko tana da ƙarfe a ciki, tana jure zafi, ta dace da mai lodi da mai yawan gangara, sai dai tana da ƙara kuma tana cin faifai. Ta biyu ba ta da ƙara, ƙurarta kaɗan ce, ta dace da zirga-zirgar cikin gari, amma ta fi tsada. Fata ta hannu, ko an ce muku 'yar Beljiyam ce, ni ban yarda da ita ba.

Faifai kuwa ku sayi mai sumul. Mai huje-huje da tsage-tsage kwalliya ce ga motar kai yara makaranta. A jikin faifai an buga MIN TH da lamba. Wannan shi ne ƙarshen kaurin da aka yarda da shi. Bakanike ya auna tsohon, in ya gaza lambar, ba a gogewa, canzawa ake yi. Ku karɓi rasit.

Darasi na 4: Biyu-biyu

Ba a canza gefe ɗaya. Dama da hagu tare, fata ko faifai. In ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe. Wasu motocin birkin tayoyinsu na baya wani iri ne da ake ce wa ganga, ba faifai ba, a duba kafin a saya.

Darasi na 5: Bayan an ɗaura

Kafin ku tashi daga gareji, ku tattaka birki har ya yi tauri. A duba man birki. Kwanakin farko a taka a hankali.

Aikin gida: kowa ya kwafo lambar shasin mota ɗaya, ya ja layi a ƙarƙashin gida na 10.